Tsaunin Malam Teku Ba Na Sayarwa Ba Ne

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Malam Haliru, wanda mutanen Wurno suka laƙaba wa Malam Teku don su yi masa dariya, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, yana amsawa har ya koma ga Allah. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa in ja bakina. Bana ba zan yi shiru ba, domin ana neman a loda abu guda da ya bari a bayan ƙasa a cikin tifa, a zube shi a kan hanya.

Gidanmu a Taloka gidan malamai ne, amma Haliru boko ya bi. Ya koyar da labarin ƙasa a Wurno, daga baya aka mayar da shi Rabah. Abin da ya jawo masa sunan nan kuwa wani tsauni ne da ke bayan gonakin mahaifinmu, wuri mai tsakuwa wanda ko akuya ba ta daɗewa a kansa. Ruwan sama ya zaftare gefensa guda, kuma a jikin wannan zaftarewar ana ganin katantanwa da makankari birjik, sun zama dutse, sun jeru hawa-hawa kamar an jibga tabarmi. Tsofaffinmu sun ce ruwan Ɗufana ne ya bar su. Haliru bai taɓa musun Ɗufana ba, amma ya ce ambaliya guda ba ta yin shimfiɗa irin wannan.

Bayaninsa na ji shi har na haddace. Ya ce tun kafin a halicci ɗan Adam, teku ce ta malalo daga arewa ta kwanta a kan duk ƙasar nan, daga inda Goronyo take har gaba da Sakkwato. Ba mai zurfi ba ce, rana na kaiwa ƙasanta, shi ya sa halittu masu ɓawo suka yi ta hayayyafa a ciki. Idan sun mutu naman ya ruɓe, ɓawon ya rage. Idan guguwa ta taso, igiyar ruwa ta kwashe laka mai sauƙi ta bar ɓawo mai nauyi tuli guda, yadda mata ke sheƙe hatsi. Daga baya koguna su kawo sabuwar laka su binne shi, nauyi ya danne, farar ƙasar da ke jikin ɓawon ta narke ta liƙe komai ya zama dutse. Teku ta janye, ta dawo, ta sake janyewa, kowane zuwa da hawansa. Yakan sa yatsa ya nuna mini: inda makankari yake rufe da murfinsa biyu, a nan ya rayu laka ta rufe shi, inda duk suka farfashe suka kife, ruwa ne ya yi fushi ya tara su.

Da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo, kowa murnar noman rani yake yi, shi kuwa murnarsa daban. Da bazara idan ruwa ya ja baya, yakan ɗebi ɗalibansa zuwa bakin dam ya nuna musu makankarin yau a jere a gaɓa, laka ta fara hawa kansa. Daga nan ya kai su tsauninmu su ga ƙarshen aikin. Wasu iyaye suka kai ƙara cewa yana ɓata wa 'ya'yansu aƙida. Bai fasa ba. Ya ce wanda ya duba aikin Ubangiji da idonsa bai yi saɓo ba.

A cikin waɗannan shekarun ne mahaifinmu ya rasu aka zauna rabon gado. Lokacin an ja ruwa ya iso fadamarmu, kowane taƙi ya zama abin faɗa. Mu uku ne maza: Alhaji Modi babbanmu, Haliru, sai ni. Da aka zo kansa, Haliru ya ce ya yafe fadama, a ba shi tsauni. Alhaji Modi ya dube shi ya ce, "Haliru, mi za ka ci cikin dutsi? Katantanwa za ka dahwa ma iyalinka?"

Ya ce, "Yaya, albasa kowace shekara ana yin wata. Wanga dutsi in anka hwasa shi, ba mai sake yin shi."

Ba zan yi ƙarya in ce zaɓin bai cuce shi ba. Muna loda albasa da tafarnuwa a manyan motoci, matarsa na sayen na miya a kasuwa. Ya tsufa a kan tsohon babur, kuma ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba. Har yau ina jin zafin dariyar da aka yi masa, kuma da yawa daga cikin masu dariyar suna nan da ransu, suna karanta jaridar nan.

Da ya rasu, 'ya ɗaya ya bari, Saratu, wadda yanzu ita ma malama ce a Rabah. Tun da babu ɗa namiji, ni da Alhaji Modi muna da kaso a abin da ya bari. An raba gida da littattafai, amma tsauni ba wanda ya ko ambace shi, don ba wanda ya ɗauke shi dukiya. Haka ya zauna duk shekarun nan, Saratu na kai ɗalibanta.

Sai bana wani ɗan kwangila da ke neman abin cikon hanya ya gano cewa tsaunin ya fi ko'ina kusa da aikinsa. Nan da nan dangi suka tuna ashe akwai gadon da ba a raba ba, kuma tsoron Allah ya kama kowa, wai barin gado zunubi ne. Waɗanda suka ce Haliru ya zaɓi banza su ne suka fi kowa zuwa da wuri ranar da aka kira taron rabon.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna da shinkafar da ake nomawa sau biyu a shekara, kuma ba zai ƙi hanya ba, shi da babur ya karya wa ƙugu a kan ramuka. Amma zai tambaya, duk marmarar da ke jibge daga nan har Boyekai, me ya sa sai wurin nan guda da yaro zai iya taɓa ƙasan teku da hannunsa? Dam ɗin da muke taƙama da shi bai kai shekarun Alhaji Modi ba, ga shi har laka ta fara cika shi. Tsaunin nan ya ga ruwan da ya fi na dam ɗin nesa ba kusa ba.

A wurin taron Saratu ta ce ba za ta sayar da rabinta ba. Alhaji Modi ya ce, "Ɗiyata, riƙe naki. Namu muka saidawa, kuma in anka tona gehe guda, sauran da kanshi zai zubowa."

Gaskiya ya faɗa, kuma a nan na ga idon yarinyar ya kawo ruwa. Da malamin da ke rabon ya tambaye ni inda nake son a auna mini nawa, na ce a bakin tsaunin, daga kwazazzabo zuwa kan iyakar gonata. Aka ce can ne ya fi ko'ina rashin amfani, siriri ne, babu ko dutsen kirki. Na ce na sani. Sai da aka kafa turaku sannan Alhaji Modi ya lura cewa nan ce kaɗai mashigar da mota za ta iya bi.

Tun ranar bai amsa gaisuwata ba, shi da muka sha nono ɗaya, kuma wannan na ci mini rai fiye da yadda nake nunawa. An turo mini surukai, an turo limami, an ce na gaji haukan Haliru. Na gode, domin ban san yana cikin abin da ake rabawa ba.

Haliru bai bar gidan sama ba, ba a sa wa ko aji guda sunansa ba. Abin da ya bari shi ne yara daga Wurno zuwa Goronyo, yanzu masu furfura, waɗanda suka san cewa ƙasar da suke nomawa ta taɓa zama ƙasan teku, da kuma wurin da za su kai jikokinsu su gani. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Mai son shigar da tifa tsaunin nan kuwa sai ya jira a yi rabon nawa gadon, kuma ina sanar da shi cewa har yanzu malmalar tuwo biyu nake tashi da ita.