Ruwan Ɗorawar Yaya Bashiru

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bashiru, mai shagon faifai a bakin kasuwar Jega. Na so in rubuta addu'a kawai in yi shiru, amma abin da ya faru a watan jiya ya hana ni, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Aikinsa shi ne ɗaukar biki da walima a bidiyo, ya zuba a faifan Dibidi. Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi. Idan zai sa rubutun magana a ƙasan hoto, ba ya taɓa barinsa fari. Ruwan ɗorawa yake sa masa, ya zagaye kowane harafi da baƙi. Hujjarsa ita ce, a ƙasarmu duk wanda zai tsaya gaban kyamara farar riga yake sawa, to wa zai karanta fari a kan fari? Mun sha yi masa tsiya, muna cewa ya mayar da kansa mai rini.

Mun daina dariya lokacin da sanƙarau ya kama matarsa Hajara. Ta tashi, amma jinta ya tafi. Daga nan duk taron gidanmu sai ya ɗauka a bidiyo, ya zauna ya rubuta mata abin da aka ce a ƙasan hoton, kalma bayan kalma. Na ƙarshe shi ne walimar saukar 'yarsu a Andarai, inda ya miƙe cikin farar babbar riga ya yi godiya, ya ambaci haƙurin Hajara a gaban mutane. Bai cika shekara bayan nan ba.

Faifan nan take kallo duk lokacin da kewa ta taso mata. Da ya fara sarƙewa, na'urarta ma ta mutu, sai na kai shi wani shago a Aliero don a juye shi zuwa irin faifan da sabuwar na'urar da aka saya mata ke karɓa. Na karɓo, ban duba ba, na kai mata Maiyama inda take zaune. Wannan laifina ne, na yarda.

Ta kunna. Ga Bashiru yana magana, ga rubutu ya koma fari fat ba zagaye, ya narke cikin rigarsa. Ta matso gaban talabijin har goshinta ya kusa taɓawa, sannan ta juyo ta ce, "Mi an ka yi ma rubutun yayanka?"

Na koma shagon. Mai shagon, magidanci da gemunsa, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, mi ad damuwa? Ai murya na hita." Murya na fita! Ga wa? Na faɗa masa tun farko cewa mai faifan ba ta ji. Bashiru ya sha gaya mini cewa launin rubutu ba a cikin babban fayil ɗin hoto yake ba, yana cikin wani ɗan ƙarami a gefensa, kuma malalaci ne kawai ke kwashe babban ya bar ƙaramin. Dubawar minti biyar ce. Da yana raye ya ga yadda ake aikin yanzu, a danna a miƙa maka ba a ko kalla ba, na san kwana uku zai yi yana faɗa.

Tsohon faifan kuwa ya ƙarasa lalacewa a hannunsu, ɗan fayil ɗin ba ya buɗuwa. Wani tsohon abokin sana'ar Bashiru a Jega ne ya zauna ya sake zaɓa wa rubutun launi da hannu, yana kwatanta yadda marigayin ke yi.

Da na kai wa Hajara, na rubuta mata a takarda cewa ta yafe mini. Ta ce maganar ba ta ɓace mata ba, ta daɗe da haddace ta. Ta kalli faifan har ƙarshe, ta ce wannan ya ɗan fi nasa haske, amma za ta riƙe. Sannan ta ce, "Ku kuna da muryatai cikin kunnuwanku. Ni tawa ruwan ɗorawa ce."

Shagon Bashiru yanzu ana sayar da albasa a ciki. Abin da ya bari shi ne mace guda da ya ƙi yarda a yi magana a gabanta ba ta san me aka ce ba. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Mu da muke da kunne ne ba mu ji ka ba.