Ɓeran da Aka Shafa wa Jan Fenti

Shekara arba'in Baba Kafinta ya yi yana haɗa ƙofofi da kujeru a 'yar rumfarsa ta bakin titi. Da ciwon baya ya matsa masa, sai ya bar wa ƙanensa rumfar, ya dawo zaman gida. A nan ya tarar ɓeraye sun addabi matarsa. Sun huda buhun gari, sun gwaguyi sabulu, har mayafinta na fita unguwa sun yi wa tagogi.

"Malam, ka sayo guba mu huta," in ji ta.

Ya ƙi. Can baya wani maƙwabci ya taɓa zuba guba, kyanwar Baba ta ci mataccen ɓera, ta mutu a hannunsa tana shure-shure. Bai manta ba.

Sai ya tattaro guntayen katako da ragar waya, ya haɗa akwati mai ƙofar da ke faɗowa da kanta. Duk safiyar da ya kama, sai ya ɗaure akwatin a bayan keke, ya kai bayan gari ya saki.

Matar ta ce, "Wannan ba kora ba ce, shan iska kake kai su. Kafin ka iso sun riga ka gida."

"Haba dai! Waɗannan wasu ne daban."

Ba ta ja da shi ba. Washegari ta tsoma tsinke a ragowar jan fentinsa, ta zura ta cikin raga ta shafa wa ɓeran da tarkon ya kama a wutsiya. Kwana uku, sai ga mai jar wutsiya a akwati, yana cin gyaɗarsa hankali kwance. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma dariyar ta kuɓuce masa.

Ran nan ya janye kabad ɗin kicin, ya ga rami gefen bututun ruwa, hannu ma zai shiga. Ya toshe da siminti, ya yi wa gari akwati mai murfi, ya liƙa gwangwani a ciki. Aikin ya tayar masa da ciwon baya, mako guda ya yi a kwance, tana shafa masa man zafi tana mita.

Yanzu maƙwabta kan zo aron tarkon, har ya ƙara haɗa biyar. Kowa ya zo ɗauka sai ya ce, "Don Allah a kai shi nesa a saki." Ya san ba duka ke yin haka ba, amma ba ya tambaya.