Laha, Ba Lahu Ba: Ta'aziyyar Anti Zuleha

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, kuma ga ɗaya daga cikinmu ta riga mu komawa gare Shi.

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2025, da hantsi, ina wanke hannu a ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin da nake aiki a unguwar Krofrom, wayata ta yi ƙara. Fareeda ce, 'yarki ta fari. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Sista Nasiba, Mma ya tafi." Na ce ya tafi ina? Na san amsar, bakina ne ya ƙi yarda. Ta ce, "Ya rasu. Yanzun nan, a asibitin Bantama." Ciwon sukarin da kika daɗe kina yi wa raha, kina kiransa maƙwabcinki mai naci, shi ne ya zama sanadi.

Ya rasu. Haka muke faɗa a Zongon Kumasi, mace ce ko namiji. Mma ya zo, amarya ya yi kyau, Hajiya ya tafi Makka. Anti Zuleha, ina rubuta wannan da Hausar littafi, ina bin kowace "ta" a hankali kamar mai tsallake kwata, domin ke ce kika nuna mini ita, kuma a kanta muka haɗu.

Ga wanda bai san ki ba: Hajiya Zuleha Abdul-Karim malamar Turanci ce, ta koyar a makarantun gwamnati har ta yi ritaya. Mahaifinta mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar, fataucin goro ya kawo shi Kumasi ya zauna. Da ƙafa ta fara hana ta yawo, sai ɗanta Sherif ya kawo mata kwamfuta don ta rage zaman shiru. Shi yana tsammanin wa'azi za ta riƙa kallo. Ita kuwa sai ta gano wani dandali a intanet inda masu koyon Turanci daga ko'ina a duniya suke saka rubutunsu, wasu su gyara musu. Al'adar wurin ita ce, mai gyara ya kwafi rubutunka a ƙasa, ya ja layi a kan kuskure, ya sa daidai da jan rubutu. Kai kuma ka ce ka gode, ba a gardama. Ta shiga da sunan Ticha Zongo, ba hoto, ba bayani.

Ni ma wannan dandalin na shiga, don akwai jarrabawar Turanci da ta tsaya mini a wuya. Sai da ita zan samu damar ƙaro karatun ungozoma a waje, kuma kullum a ɓangaren rubutu nake faɗuwa. Baki yana zuba, hannu ne ke cin amanata. Rubutun farko da na saka, labarin wata mai naƙuda ne da na karɓa. Daga farko har ƙarshe "he" na kira baiwar Allah. "He" yana da ciki wata tara, "he" ya fara naƙuda, "he" ya haifi 'ya mace. Wani ya rubuta a ƙasa cewa yana taya Ghana murna, tunda mazanta sun fara haihuwa. Aka yi ta dariya. Na ji kamar an tsayar da ni tsakiyar kasuwar Race Course an kwance mini ɗankwali. Ina neman inda ake goge suna in gudu, sai ga gyaranki ya shigo. Kin bi kowane "he" kin mayar "she", ba tsawa ba ba'a, sannan a can ƙasa kika ƙara layi ɗaya da Hausa: "Ke 'yar Zongo ce, ko? Wanda ya ce Mma ya zo ne kaɗai yake wannan kuskuren. Kar ki gudu."

Da kika yi mini kwatance, ashe tsakanin gidanmu da naki ko trotro, motar hayarmu, ba a hawa. Ranar da na fara zuwa, na tarar da ke a kan tabarma, ƙafa miƙe, kwamfuta a kan kujerar tsakar gida, tabarau a ƙarshen hanci. Na tsaya ina neman Ticha, don ni ma namiji na ɗauka. Kika ce, "In gemu kike nema, bai fito ba tukuna. Zauna."

Ba da Turanci kika fara mini ba. Kin ce ciwon ba a can yake ba, a gida yake: Hausarmu ta Zongo ta ajiye "ta", yaren Twi ɗin da muke ji a kasuwa shi ma bai raba mace da namiji, to ina hannu zai samo "she"? Sai kika sa ni in riƙa ba ki labarin matan da na karɓi haihuwarsu da Hausar mahaifinki. Ta zo, ta durƙusa, ta haihu. In na ce "ya", ki ƙwanƙwasa cokali a jikin kofin shayinki, in koma baya. Na sha ƙwanƙwasa, Anti. Har yau in na ji cokali ya taɓa kofi sai gabana ya faɗi, in duba abin da na faɗa.

Ba ni kaɗai ba ce. Kin jawo 'yan Zongo da dama cikin dandalin nan, masu ɗinki da masu sayar da waya da masu neman shiga jami'a. Kuma kina da doka ɗaya da ba mu so: ba kya gyara wa kowa a ɓoye. In mutum ya turo miki rubutu ta waya, sai ki ce, "Kai shi dandali. Kunya ba ya kashe mutum koraa, ko kaɗan." Ni ce kawai na samu sassauci, don kin ga yadda dariyar farko ta tsorata ni. Kin yarda in riƙa karanta miki a tsakar gida kafin in saka. In cokali bai yi ƙara ba, sai in tura. Tun daga ranar mai naƙudar nan, ban taɓa saka ko layi ɗaya a wurin ba sai kin ji shi da kunnenki.

Mu ɗin nan da kika jawo, mu muka mayar da ke namiji. Duk wanda zai yaba miki a dandali sai ya rubuta cewa Ticha "he" ya taimake ni, "he" mutumin kirki ne. Mutanen waje suka ɗauka, suka koma kiranki "Sir". Kin gyara mana "he" a kan uwayenmu da ƙannenmu da matan annabawa, amma wanda ya faɗa a kanki ba ki taɓa ja masa layi ba. Na tambaye ki dalili. Kika yi dariya har tabarau ya zame, kika ce, "Namiji in ya gyara musu, su ce mun gode Sir. Mace in ta gyara, su ce turo hoto. Bar ni da gemuna, ina aiki cikin kwanciyar hankali."

An yi jana'izarki ranar da kika rasu, bayan la'asar. Ina cikin matan da suka yi miki wanka, Fareeda ce ta roƙe ni. Ba zan ce komai a kan wannan ba, sai dai fuskarki ta yi kyau.

Bayan addu'ar uku, Fareeda ta ja ni gefe. Ta ce saƙonni suna ta shigowa kwamfutarki, mutanen dandali suna tambaya ina Ticha, ko lafiya. Ta ce, "Sista, ke kin san su, ni ban san su ba. Ki gaya musu. Kuma ki gaya musu mace ne, don masu addu'a su yi masa daidai." Na ce to. Na fito daga gidan.

Anti, tsoron da na ji ba zai faɗu ba. Na karɓi haihuwar da jariri ya zo da ƙafa ban ji irinsa ba. Wa zan karanta wa? Na zauna a benci bayan asibiti lokacin hutun rana, na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Ina jin mutumin nan mai taya Ghana murna yana nan yana jira. Ina tunanin in na yi kuskure a sanarwar rasuwar malamata, me za a ce ta koya mini? Na fara faɗin kowace jimla da Hausar mahaifinki, ta rasu, ta bar 'ya'ya, ta koyar da mu, sannan in juya ta. Na karanta a fili, ba kofi, ba cokali, sai kukan injin wuta. Na ce bismillah na tura, na kife wayar a cinya kamar za ta cije ni.

Da na buɗe, amsar farko daga Kamil ce, wani mai harhaɗa magani ɗan Sudan wanda kika yi shekaru kina gyara wa rubutu, har ya kai shi ma yana gyara wa wasu. Ya yi kuka a rubuce, ya ce ya yi rashin uba. Ya rubuta, "Allahummaghfir lahu warhamhu." Sannan, bisa al'adar wurin, ya kwafi sanarwata a ƙasa. Ya bi kowace "she" ya ja mata layi, ya sa "he" da ja. Ya ƙara da lallashi, irin naki sak: kada in damu, ya san 'yan garinmu suna rikita waɗannan biyun, baƙin ciki ne ya sa na juya su.

Na ga jan nan ya cika fuskar waya. Wallahi sai da na yarda da shi. Na ce shi ke nan, na sake yi, a gaban kowa, a kan gawarki. Wanda ya saba a gyara masa ba ya tambayar ko mai gyaran ya yi daidai. Har na rubuta "na gode" da Turanci, yatsana yana kan turawa. Wasu kuma sun fara shigowa, daga Indonesiya, daga Turkiyya, kowa yana bin Kamil: lahu, lahu, Allah Ya gafarta masa.

Wannan "lahu" ɗin ne ya tsayar da ni. Na san Allah Ya san wadda suke nufi, ba Ya bukatar a gyara Masa nahawu. Amma ni na zuba miki ruwa da hannuna. Ni na taya a naɗe ki. In akwai abu ɗaya a duniya da na sani ba tare da na tambayi kowa ba, shi ne wannan.

Na goge godiyar. Na rubuta wa Kamil, ina kuskuren haruffa ina komawa. Na ce masa ban juya ba. Ticha Zongo mace ce, sunanta Zuleha, uwa ce kuma kaka. Mu ne muka yi kuskuren tun farko, ita kuma ta bar shi don ta samu ta yi muku aiki. Wannan karon "she" ɗin daidai ne, kada a taɓa mini ita. Ban taɓa mayar wa mai gyara magana ba sai ranar, kuma ban karanta wa kowa ba kafin in tura.

Na sa wayar a aljihu. Na koma ɗakin haihuwa, na karɓi wata, ina aiki zuciyata tana kan aljihuna. Ina cewa ko na yi rashin kunya, ko na tona abin da kika rufe, ko ma akwai wani kuskuren a cikin amsar da ban gani ba. Sai da na sauka daga aiki na iya dubawa. Kamil ya goge gyaransa gaba ɗaya. A wurinsa ya bar layi ɗaya, addu'ar da ake yi wa mace: "Allahummaghfir laha warhamha." Waɗanda suka bi shi a farko suka dawo ɗaya bayan ɗaya suna gyara nasu. Wata mata daga Indonesiya ta ce shekara da shekaru tana jin kunyar yi wa "Sir" wasu tambayoyi, da ta sani. A ƙarƙashin amsata kuwa babu jan layi ko ɗaya. Na duba, na sake dubawa, don ban yarda ba.

Kada ki ɗauka na warke, Anti. Jarrabawar tana nan tafe a watan gobe, kuma in na tuna sai barci ya gudu. Ban san ko zan ci ba. 'Yan Zongon da kika jawo sun fara turo mini rubutunsu ta waya, ni da ban gama tsayawa da ƙafata ba. Ina ce musu su kai dandali, da muryar da ba ta kai taki ba. Jiya na wuce ƙofar gidanku da wani rubutu a waya, har na rage tafiya kafin in tuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, Alhaji Abdul-Karim, wanda ya yi haƙuri da mu muna cika masa tsakar gida da Turancin da bai nema ba. Ina yi wa Fareeda da Sherif da jikokinki, da danginku na Tawa, da ɗalibanki na aji da na dandali, waɗanda suka san fuskarki da waɗanda sai yanzu suka san sunanki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki baki ɗaya.

Ya Allah, baiwarKa Zuleha ta zo gare Ka. Ta rufa wa masu kuskure asiri, Ka rufa mata nata. Ta gyara mana ba tare da ta wulaƙanta mu ba, Ka karɓe ta da sauƙin hisabi. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka sa abin da ta koyar ya riƙa bin ta da lada. 'Yan Zongo za su ci gaba da cewa Allah Ya jiƙan shi, Kai Ka san ita suke nufi, Ka amsa musu.

Ni kuwa zan faɗa yadda kika koya mini. Allah Ya jiƙan ta. Allahummaghfir laha. Na karanta shi a fili kafin in ajiye alƙalami, Anti, na saurara, cokali bai yi ƙara ba.

Nasiba Issaka
Zongo, Kumasi