Ranar da Na Ɓata a Garin Ruwa

Akwai wani yini da har in koma ga Allah ba zai fita raina ba. Tsakiyar zafi ne, alhazai sun watse, Makka ta fara numfasawa. Shekarar ta zo mana da sauƙi, domin autata ta kammala karatun haɗa magunguna a Italiya, ta dage sai na je bikin yaye su. Bayan bikin ta ce, "Umma, gobe zan kai ki Benis, garin da titunansa ruwa ne. Sai dai akwai zahama, ki shirya."

Na yi dariya. Na ce, "Ni da aka haifa a unguwar Tandabawi ta Makka za ki tsorata da cunkoso? Tun ba a haife ki ba nake ratsa Mina da goyo."

Jama'a, garin nan Allah ya yi masa kyau. Gidaje ne tsofaffi, masu launin ƙasa da na ruwan hoda, ƙafafunsu cikin ruwa. Ba mota ko ɗaya. Burodi ma a kwalekwale ake kawo shi, na ga har mai kwasar shara da jirginsa. Tagogin gidajen masu baka suka tuna mini rawashin tsofaffin gidajen Makka na ƙuruciyata, irin tagogin katakon nan da yanzu sai a hoto. Ina ta "Masha Allah" kamar mai lazimi.

A kan wata babbar gada mai shaguna a bisanta abin ya faru. Mutane suka matso, hannun yarinyar ya zame daga nawa. Ban damu ba ko kaɗan. Mu a Makka mun san ba a jayayya da taro. Ko a ɗawafi ko a hanyar Muzdalifa, kowa wuri guda ya nufa, in ka bi ayari a gaba za ka tarar da naka. Sai na saki jiki na bi mutane, har ina kallon kayan gilashi a shaguna.

Ashe taron can ba alƙibla ɗaya gare shi ba. Wasu suka yi dama, wasu hagu, wasu suka shige gidan abinci. Lungu ya miƙa ni ga lungu, har na tsinci kaina ni kaɗai, gabana ruwa, babu gada. Wayata da fasfona suna jakar yarinyar. Ban san sunan masaukinmu ba, jirgin ƙasan komawa kuma na yamma ne. Ƙafafuna suka kumbura. Na zauna a dokin wata ƙofa ina ta hasbunallahu.

Can sai ga wata tsohuwa tana jan kwandon cefane mai taya. Ƙofarta ce. Ta hau faɗa da yarensu tana yarfa hannu, ban ji kalma ɗaya ba, amma na fahimce ta sarai: ta gaji da baƙi. Na yunƙura zan tashi, gwiwa ta ƙi. Ta dubi ƙafata, ta dubi idona. Ta shiga ta fito da kujera da ruwa mai sanyi.

Na nuna cikina, na nuna tsayin yarinyar, sannan na lanƙwasa hannu kamar gada. Ta gyaɗa kai, ta ajiye cefanenta, ta kama gefen abayata. Ta bi da ni wasu lunguna da babu baƙo ko ɗaya, ta ƙarƙashin shanya, ta gaban wata tsohuwar rijiya da aka rufe. Har yau in na rufe ido ina ganinsu, sun fi duk inda ake tururuwa kyau.

Muna ɓullowa gindin gadar na hango autata tsaye inda muka rabu, fuska jage-jage da hawaye. Ta ruƙunƙume ni tana cewa, "Haram alaiki, Umma! Ina kika shiga? Na kusa kiran 'yan sanda!"

Na ce, "Ayari na bi."

"Wane ayari? Nan Arfa aka ce miki za su?"

Dariya ta kama ni, kuka ya kama ta. Ta yi wa tsohuwar godiya da yarensu, ita kuwa ta ƙara ɗan faɗanta, ta shafa kafaɗata, ta juya. Jirgi dai ya tafi ya bar mu, muka kwana a garin.

Abin da na koya shi ne, sanin garinka ba ya sa ka san na wasu. Kuma duk garin da duniya ke zuwa kallo, akwai masu shi da ke haƙuri da mu, har su bar cefanensu su raka baƙo.

Washegari bayan asuba na ciro ƙullin dabinon Madina da ba na rabuwa da shi a tafiya, na ce da yarinyar ta tashi mu nemo ƙofar tsohuwar. Gari shiru, sai ƙarar ruwa. Mun sha yawo kafin mu same ta tana share ledojin da baƙi suka zubar mata. Na miƙa mata dabinon da hannu biyu, na karɓi tsintsiyar na ƙarasa mata sharar.