A Kalmashe, Kar a Yanke

Yayana kafinta ne, kuma duk wanda ya taɓa ba shi aiki ya san halinsa: ba ya yanke katako daidai awo, sai ya bar rara. In ka ce ya yi maka ƙofa, zai kawo ta ta ɗan fi bakin ɗakin, ya tsaya nan yana kankare ta kaɗan-kaɗan har ta zauna. Masu gida su yi ta mita wai ya cika musu tsakar gida da garin katako. Shi ko a jikinsa. Cewa yake in abu ya yi yawa ana iya ragewa, amma in zarto ya riga ya wuce, babu gam ɗin da zai mayar da shi yadda yake.

Ni ce auta a gidanmu, shi ne babba. Da mahaifinmu ya rasu, Yaya ya ajiye makaranta ya shiga shagon wani kafinta, daga share ƙasa har ya iya riƙe zarto. Shi ya riƙe mu. Takalmin makaranta na farko da ya sayo mini, sai da na cusa tsumma a gabansa kafin ya daina fita daga ƙafata. Na yi kuka kamar raina zai fita, ya dafa kaina ya ce, "Za ki cika shi." Na kuwa cika shi, har ya zo yana matse ni. Wannan takalmi shi ya ɓata Yaya, domin tun daga ranar babu mai iya kayar da shi a gardama.

Shagonsa wata rumfar kwano ce a bayan garejin gyaran mota. Dogon benci guda, zartuna rataye a jikin ƙusa, gwangwanin gam da ba ya rufuwa da kyau, shi kuma a tsakiya da fensir a bayan kunne. Bai yi aure da wuri ba, kuma da ya yi, haihuwa ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, mace ce, 'yar firit, ya ɗauke ta a tafin hannu yana dariya ya ce, "Manya!" Sunan ya bi ta. Daga ita ba su sake samu ba.

Manya tana da shekara shida fuskarta ta fara kumbura da safe, sai ƙafafu suka biyo baya. Likitoci suka ce ƙoda ce. Tun daga nan rayuwar gidan ta koma layin asibiti, da ƙwayoyi, da abinci ba gishiri. Girma kuma ya tsaya mata cak. Yanzu tana cikin shekara ta goma sha biyu, amma wanda bai san ta ba zai rantse ba ta wuce bakwai ba. Baki ne kawai ya girma, wannan kam ni ta gado. 'Yar wajena sa'arta ce, ajinsu ɗaya, ita kuwa ta miƙe kamar ana jan ta, har na daina tsayar da su kusa da juna in matar Yaya tana wurin.

Da za su shiga babban aji, makaranta ta kira taron iyaye a kan kayan 'yan mata. Muka zauna a kan kujerun yara, gwiwoyinmu na taɓa tebur. Shugabar makaranta ta ce gajeriyar rigar da suke sawa ba ta dace da su ba yanzu, mu iyaye mu yanke abin da muke so. Wuri ya kaure. Wani ya ce a ƙara wando a ciki, wata ta ce zafi zai kashe yara, wani tsoho ya ce shi dai kada ya ga ƙwauri. Wata mata mai ƙiba ta miƙe ta ce, "Ni tawa duk zango sai na saki kalmasar rigarta, yanzu babu abin saki, yarinya sai ka ce taki ake zuba mata!" Aka tuntsire da dariya, kowa na ba da labarin tasa.

Aka tsaya a kan doguwar riga har idon sawu, mai dogon hannu, ba mai kama jiki ba. Ana shirin tashi sai ga Yaya ya ɗaga hannu. Ya ce, "A yi musu da yalwa. Yaran nan girma suke yi, kafin ka juya sun cika ta." Aka tafa masa. Matarsa ta sunkuyar da kai tana wasa da hannun jakarta. Ni kuwa ji na yi kamar in ja masa riga in zaunar da shi, don haushi da tausayi.

Ɗinki nake yi a gida, kekena na baranda. Washegari Yaya ya kawo mini yadi shuɗi ya ajiye a kan keken.

"Ki yi wa Manya irin awon 'yar wajenki," in ji shi.

Na ce, "Haba Yaya! Ai su biyu za su shiga ciki har da jakar makaranta."

"Ki kalmashe. Kar ki yanke ko kaɗan."

"Yaya, ka dubi yarinyar nan."

"Kullum ina duban ta. Ke ma ai haka kika yi mini ihu a kan takalmi."

Na san shi, don haka na yi abin da ya ce. Na ninke ƙasan rigar ciki, na sake ninkewa, na sake, har kalmasar ta yi kauri kamar ɗamara. Na ninke hannuwa, na tattare gefe. Duk dabarar da na sani na yi, amma kafaɗa ba ta kalmasuwa. Da Manya ta saka, ɗinkin kafaɗar ya sauko mata kusan gwiwar hannu, ƙasan kuma yana dukan idon sawunta in tana tafiya. Ta dubi madubi ta ce, "Gwaggo, ina nake a ciki?" Muka yi dariya, ni dai tawa ta dole ce.

Yara ba su da tausayi. Kafin mako ya ƙare sun laƙaba mata suna Hanga, wai rigar ce ke zuwa makaranta, ita an rataye ta ne kawai a jikinta. Ta daure, don Manya tana son makaranta fiye da komai. Can ne kaɗai ba a tambayar ta ko ta sha magani, can ne take ɗaga hannu ta riga kowa ba da amsa. Sai ranar nan zaren kalmasar ya tsinke tana saukowa daga bene, yadin ya warware ya naɗe mata ƙafa, ta faɗi a gaban 'yan aji. Ba ta ji ciwo sosai ba. Amma da ta dawo gida ta cire rigar ta cusa a ƙarƙashin gado, ta ce ita da makaranta sai in an yanke rigar.

Ina gidan lokacin da uwarta ta tare Yaya. Ya dawo cin abincin rana, ko zama bai yi ba.

"Baban Manya, don Allah a rage mata rigar nan. Yarinya ta ƙi zuwa makaranta."

"A sake kalmashewa da zare mai ƙarfi."

"Ba zare ba ne matsalar. Dariya ake yi mata."

"In an yanke, baɗi fa? Me za ta saka?"

"Wane baɗin?"

Maganar suɓuce mata ta yi, na ga ta kai hannu baki. Shekara da shekaru kowa a danginmu yana zagaye wannan magana, babu wanda ya taɓa taka ta. Yaya ya tsaya yana kallon matarsa kamar yau ya fara ganin ta. Sannan ya mayar da fensirinsa bayan kunne ya fita, abincin na rufe a kan tabarma.

Kwanaki suka wuce, gidan kamar an yi mutuwa. Shi yana shago daga safe har duhu, Manya na kwance tana kallon yara na wucewa ta taga. Na je na same shi na zazzage masa duk abin da ke cikina, na ce taurin kansa ya fi katakon da yake yanka. Bai ɗago ba, ya ci gaba da buga ƙusa a kujerar da ta riga ta haɗu.

Da ranar asibiti ta zagayo, matarsa ta ce ita ta gaji, wannan karon shi zai shiga wurin likita. Dā can iyakarsa baranda, yana jira a kan benci yana duba ko an haɗa ƙafafunsa daidai. Ya shiga. Likita ya ce ƙodar ta ƙara rauni, maganin ba ya riƙe ta kamar dā. Yaya ya tambaye shi, to girma fa, yaushe zai dawo? Likitan ya daɗe yana juya biro, sannan ya ce duk ranar da ta ji ƙarfi a bar ta ta je makaranta, kuma abin da ke faranta mata rai kada a jinkirta mata shi. Yaya bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya gane.

Da hantsi washegari suka zo mini, yana riƙe da hannunta, rigar a kafaɗarsa. Ya tsayar da ita a kan kujera, ya zaro tef ɗin awonsa daga aljihu. A nan na tuna cewa mutumin nan da ke auna komai, har ƙofar gidan da ya je gaisuwa, ban taɓa ganin ya ɗora tef a jikin 'yarsa ba. Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya auna tsawo, yana ja wa yadin layi da allina. 

Na ce a hankali, "In bar mata kalmasa ko 'yar kaɗan, Yaya?"

Ya ce, "Yanke a kan layin."

Na yanke. Ƙarar almakashin nan har yanzu tana kunnena. Na warware kafaɗa na sake haɗawa, na datse hannuwa, shi yana zaune a bakin baranda ya ba mu baya. Manya kuwa sai surutu take, tana lissafa waɗanda za ta ba kunya gobe.

Ta saka. Rigar ta zauna mata cif. Ta juya a gaban madubi, ta ɗaga hannuwa, ta taka da sauri daga wannan bango zuwa wancan, tana dariyar da na daɗe ban ji ba. Sai ta sunkuya ta juya bakin rigar tana duba ciki, ta kalli tulin yadin da ke ƙasa, ta ɓata fuska.

"Baba, ba ku bar komai ba fa. In na girma me za a saki?"

Yaya ya naɗe tef ɗinsa ya mayar aljihu. Ita kuwa ta riƙe ƙugu ta ce, "Ku kwashe guntayen a ajiye mini, baɗi Gwaggo ta ƙara."

Ya durƙusa yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, kansa a ƙasa don kada ta ga fuskarsa. Ya ce, "To, Manya." Ta ja hannunsa wai su yi sauri ta nuna wa Mama, ya bi ta da guntayen a hammata.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon su har suka sha kwana. Tun da na fara taka keke ban taɓa ɗinka rigar da ta yi wa mai ita kyau haka ba, kuma ban taɓa tsanar aikin hannuna kamar ranar nan ba.