Ashe Yunwa Fedal Ɗin Ke Ji

Ina taka fedal ɗin jita, ɗan akwatin nan mai canza sauti, sai ya yi wata ƙara, fitilarsa ta mutu. Muna gwaji ne a gidan biki a Iware, mutane sun fara taruwa.

Gabana ya faɗi, don na Hamma Buba ne, wanda ya koya mini kiɗa, kuma marigayi ƙaninsa ne ya bar masa. Adaftarsa ta wuta na manta a gidan Hamma a Jalingo, sai na jona masa adaftar wata rediyo.

Na kira shi a waya. "Hamma, ina jin na ƙona maka kaya."

"Ya yi ƙauri?"

"A'a."

"Karanta mini rubutun jikin adaftar."

Na karanta, ya yi dariya. "Ƙarfinta bolt tara daidai ne, yawan wutar da take bayarwa ne ya yi masa kaɗan. Yunwa yake ji, bai mutu ba. Da bolt ɗin ya zarce, da yanzu wani zancen ake yi."

Ya ba wani direba adaftar da na manta ya kawo mini. Ina jonawa fitila ta kama. Zama na yi a ƙasa ina hamdala.

Ku fa, kayan aro sun taɓa tsinka muku zuciya haka?