Wa Zai Yi Wa Malama Evanthia Waƙar Makoki?

A safiyar Talata, 4 ga Maris, ƙararrawar coci ta buga a hankali, aka sanar da mu rasuwar Farfesa Evanthia Vrettaki. Na rubuta kwanan watan a littafina na kullum, na kasa ƙara komai. Yau nake gwadawa, ko da yake ban tabbata ni ya dace in yi ba, karatuna a sakandare ya tsaya.

Malama, a birni kike koyar da ilimin harshe, amma duk lokacin tsinkar zaitun sai kin dawo ƙauye. Ni nake ɗauko ki daga tasha. Ba ki taɓa tsare tsohuwa da tambayoyi ba. Ragar tare zaitun kike shimfiɗawa ƙarƙashin bishiya, ki kama aiki, ki bar tsofaffin su yi ta faɗansu da yarenmu na kan dutse, wanda jikokinsu ba sa ji. Kaka Stavrula takan ce miki, "Ke 'yar boko, kwandonki ba ya cika, kunnenki kawai ke cika!"

A wurinmu gawa ba ta barin gida sai mace ta yi mata waƙar makoki da yarenmu, tana tsarawa nan take. Stavrula ce kaɗai ta rage da ta iya. Kika riƙa zaunar da 'yan mata a gabanta kowace Asabar. Na taɓa ce miki a mota, "Malama, yaran nan waya kawai suka sani." Kika ce, "Stamatis, dubi hanya, bar mini yaran."

Stavrula ta rasu bara. Da aka kawo ki, mata suka kewaye akwatin gawar, ba wadda ta fara waƙa. Na tsaya bakin ƙofa ina tsoron za ki fita shiru, ke da kika ba wa wannan yare rayuwarki.

Sai na ji muryar 'yata Anthi, ta fara waƙar makokin ƙasa-ƙasa. Ta ambaci ragarki, da yagaggen takalminki, da kwandon da ba ya cika. Wata tsohuwa tana kuka ta zungure ta, "Ɗaga murya, 'yar nan, malamarki ta ji!" Ta ɗaga. Sa'o'inta suka amsa.

Allah ya jiƙan ki, ya sa ki huta cikin haske. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙaninki Lefteris da iyalinsa da ɗalibanki, Allah ya ba mu haƙuri. Ranar arba'in za mu dafa miki alkamar sadaka kamar yadda muka saba. Asabar mai zuwa kuma 'yan matan sun ce in buɗe musu ɗakin da kike zaunar da su.

Stamatis Drakulakos